Majalisar Taɗi ta Bauchi: Waiwaye a Kan Hirar da Ta Raini Siyasar Arewa

Duk wanda ya ratsa cikin garin Bauchi bayan sallar la'asar, ko ta Ƙofar Wunti ya shigo, ko ta Kobi ya bi, ko Jahun ya nufa, ba zai rasa ganin mutane zazzaune gungu-gungu ba. Wasu a kan dakali, wasu a kan benci, wasu kuwa tabarma kawai suka shimfiɗa a gindin dalbejiya. Kowane gungu da lokacin haɗuwarsa, da kuma mutumin da ake jira kafin hira ta yi armashi. Wannan zama shi ake kira majalisa. Mu 'yan boko mun saba yi mata kallon raini, mukan kira ta zaman kashe wando ko matattarar gulma, alhali kuwa da yawa daga cikinmu da an tashi daga aji ko ofis can muke zarcewa. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi wata majalisa da aka yi a wannan gari a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, domin mu ga abin da hira da shawarar abokai suka iya haifarwa, da kuma abin da ya faru a lokacin da hukuma ta yi ƙoƙarin sa wa hirar linzami.

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu ɗan tsaya a kan kalmomi, tun da yake sana'armu ke nan. Bahaushe yana da hira, wadda Sakkwatawa da Katsinawa kan ce fira, yana da taɗi, yana da zance. Dukkansu magana ce sakakkiya, ba shugaba, ba jerin batutuwa, ba mai rubutawa. Ita kuwa kalmar majalisa aro ce daga Larabci, tushenta zama ne, don haka ma'anarta ta asali wurin zama ce kurum. Abin lura shi ne da wannan kalma guda muke kiran zaman sarki da fadawansa, da ita muke kiran zauren da ake yi wa ƙasa dokoki, da ita kuma muke kiran benci biyun da ke gefen teburin mai shayi. A ganinmu harshe bai yi kuskure ba da ya haɗa su.

Haka nan Bahaushe ya rarrabe tsakanin shawara da nasiha da jan kunne. Jan kunne daga sama yake saukowa, daga uba ko ubangida, kuma akwai barazana a ƙarƙashinsa. Nasiha ta malami ce, tana jingina da addini. Shawara kuwa ta tsara ce. Wanda aka ba yana da ikon ya ɗauka ko ya bari, gobe kuma ya dawo ya zauna a inda ya saba zama ba tare da an juya masa baya ba. Wannan 'yanci na ƙin karɓa shi ne ran majalisa, kuma shi ne ya bambanta ta da fada, inda "ranka ya daɗe" kan riga kowace magana fita.

Mutum uku da zaure ɗaya

A shekarar 1942 aka turo wani matashin malami Bakano zuwa Makarantar Midil ta Bauchi, bayan ya gama Kwalejin Kaduna. Sunansa Aminu, shekarunsa ashirin da biyu. A makarantar ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, haifaffen 1912, wanda ya yi Kwalejin Katsina, yake koyarwa a nan tun 1933, har ya kai ga zama hedimasta. Tun kafin wannan lokaci Malam Abubakar ya riga ya yi suna a fagen adabi da littafinsa Shaihu Umar, wanda ya rubuta domin gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Mutum ne mai nutsuwa, mai auna magana kafin ya furta. Cikin malaman makarantar har da Malam Yahaya Gusau.

Na ukun manyan ba malamin makarantar ba ne. Malam Sa'adu Zungur ɗan gidan malamai da limamai ne na cikin garin Bauchi, a shekaru yana tsakanin Abubakar da Aminu. Ya sha karatun Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci tun a gida, ya yi Kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Ikko. Ya koyar a makarantar horar da ma'aikatan tsabta a Zariya, inda ya tara matasa 'yan boko a ƙungiyar tattaunawa da ba ta yi wa hukuma daɗi ba. Ciwon ƙirji ne ya komo da shi gida, ciwon da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Wato dai rashin lafiya ce ta zaunar da shi wuri ɗaya, zaman kuma ya jawo masa masu ziyara. Malam Aminu yakan je wurinsa in an tashi daga makaranta, a zauna a yi ta hira. Daga baya shi da bakinsa ya sha bayyana cewa Malam Sa'adu ne malaminsa a siyasa.

Ya kamata mu tambayi kanmu, wace irin makaranta ce wannan? Ba allo, ba jarrabawa, ba takardar shaida. Abin da Malam Sa'adu yake da shi wanda sauran 'yan boko na zamanin ba su da shi shi ne ƙafa biyu a fage biyu. In Bature ya kawo hujja daga tarihin ƙasarsa yana iya mayar masa da martani da Ingilishi, in kuma alkali ko bafade ya fake da addini yana iya buɗe masa littafi ya nuna masa inda ya kauce. Irin wannan ilmi ba a cika samun sa a lacca ba. A hira ake tsintar sa, inda ƙarami zai yi katoɓara a yi dariya, a gyara masa, ya sake gwadawa ba tare da an rubuta kuskurensa a ko'ina ba.

Abin yin hira kuwa bai yi ƙaranci ba a waɗannan shekaru. Ana ɗibar samari aikin soja, waɗansunsu har ƙasar Bama aka kai su. Bayan Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnati ta ɗora wa lardunan Arewa aikin tilas a ma'adinan Jos, aka yi ta kwasar talakawa daga gonakinsu ta hannun hakimai da dagatai har zuwa 1944. Bauchi maƙwabciyar Jos ce, saboda haka wannan ba labarin nesa ba ne. Ga kuma jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na riƙe da alƙalaminta. Daga Ikko kuma West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, wadda aka kafa a 1937, tana isowa hannun 'yan ƙalilan, a karanta a miƙa wa na kusa. Turawa na cewa ana yaƙi ne domin 'yancin ɗan Adam. Ba wuya mai hankali ya tambaya, wane ɗan Adam ɗin?

Da aka sa wa hira kujera

A tsakanin 1943 da 1944 sunaye biyu suka ɓullo a Bauchi waɗanda duk littafin tarihin siyasar Arewa yake ambata. Ɗaya ita ce ƙungiyar neman ci gaban Bauchi, wadda a takardun Turanci ake kira Bauchi General Improvement Union, ta su Malam Sa'adu ce da abokansa. Ɗayar kuwa ita ce Majalisar Taɗi ta Bauchi, wadda aka kafa da sani da albarkar hukuma, Babban Di'o A. J. Knott na tsaye a kanta. Hirar zaure ta riga su duka biyun, kuma ita ce ta haife su.

Dalilin hukuma a fili yake. Ƙorafe-ƙorafe daga Bauchi sun fara fitowa a jaridar Ikko ba sa hannu, kuma ba sai an yi duba ba kafin a gane daga inda suke tasowa. Knott ya zaɓi hanyar da ta fi ta wasu takwarorinsa wayo. Maimakon ya hana magana, sai ya ba ta ɗaki da kujeru da ranar zama, aka naɗa Malam Aminu sakatare, shi ke aika takardun gayyata. Ana haɗuwa da malaman makaranta da shugabannin sassan En'e da Turawan mulki, wani lokaci har da Sarkin Bauchi Yakubu na Uku, wanda ya hau gadon sarauta a 1941. Aka tattauna a kan tattalin arziki, da kiwon lafiya, da addini, da yaƙi, da mulkin dimokuraɗiyya. Bai kamata mu raina wannan ba. A ƙasar da talaka ke tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa, a ce ƙaramin malamin makaranta ya miƙe a gaban sarki da Bature ya faɗi ra'ayinsa, wannan sabon abu ne ƙwarai.

Sai dai kuma akwai abin da aka rasa. A zaure mutum yakan yi magana ya janye, ya ce wasa nake yi, ko ya bar ta a rataye a gane. Da aka shigo ɗakin taro sai kowace kalma ta sami nauyi, domin akwai mai rubutawa, akwai kuma wanda albashinka da ƙarin girmanka ke hannunsa yana saurare. Knott yana son ya ji abin da ake faɗa a bayan idonsa. Su kuma samarin suna son a ji su. Kowane ɓangare ya ɗauka shi ne ya ci riba.

Muhawarar da ta fi shahara ita ce wadda aka yi a kan tsarin mulki ta hannun sarakuna, wato ginshiƙin da Lugga ya kafa mulkin Turawa a kansa. Malam Aminu ya tsaya a kan cewa tsarin ya gama amfaninsa, ya zama mafakar zalunci. Malam Sa'adu na tare da shi. Malam Abubakar kuwa ya ɗauki ɗaya gefen, yana ganin rushe gini ba tare da an tanadi wani ba ganganci ne, gyara ya fi. A nan muke so mai karatu ya dakata. Hedimasta ne da ƙaramin malaminsa suka yi ja-in-ja a bainar jama'a a kan batu mafi zafi a ƙasar, washegari kuma suka koma makaranta ɗaya suna aiki tare. Masu rubuta tarihin Malam Aminu sun ruwaito cewa Malam Abubakar yakan tsokane shi da laƙabin Molotob, sunan ministan harkokin wajen Rasha na wancan zamani. Laƙabi irin wannan ba a raɗa wa maƙiyi. A majalisa ake raɗa shi, kuma yana ɗauke da abu biyu a lokaci guda, yabo da kashedi. Ma'anarsa, mun ga kaifinka, amma ka bi a hankali.

Tambaya guda

Abin da ya kawo ƙarshen Majalisar Taɗi ba zagi ba ne, ba kuma kiran tawaye ba. Tambaya ce. Kamar yadda aka ruwaito, a wani zama aka tambayi Knott da me ake auna albashin sarki. Ya amsa da cewa da yawan aikinsa da nauyin da ke kansa. Sai aka ce, in haka ne, me ya sa Lamiɗon Adamawa ya fi Sarkin Bauchi albashi? Daga wannan zama majalisar ba ta ƙara yin ƙarko ba, hukuma ta janye hannunta.

Ga ɗalibin adabi, wannan tambaya abin nazari ce. A zahirinta kamar kare haƙƙin sarki take yi, kamar mai cewa an tauye ubangidanmu. A baɗininta kuwa ta yaye wani labule da kowa ya san da shi amma ba a taɓawa, wato cewa magajin Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya kafa garin nan da tuta a hannunsa, ya zama ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata tun bayan da Turawa suka ci Bauchi a 1902, kuma wani ne a ofis yake yanka masa abin da zai karɓa. Wannan salo Bahaushe ya san shi sarai. Shi ne gugar zana, ɗan'uwan habaici da shaguɓe, inda ake yabon mutum da kalmar da za ta tona shi. A gindin bishiya da an yi irin wannan sai a kwashe da dariya, a tafa, a wuce. A gaban sarki da Di'o kuwa ba mai ikon yin dariya, kuma maganar da ba a iya yi mata dariya ba dole a yi fushi da ita. Salon zaure ne aka shigo da shi ɗakin taro, ɗakin ya kasa ɗauka.

Ba a Bauchi aka fara irin wannan ba. A Ingila kanta, Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe gidajen shan gahawa a ƙarshen 1675, saboda a can mutane ke zama suna tattauna al'amuran mulki, amma cikin 'yan kwanaki ya janye umarnin da ya ga ba zai yiwu ba. Kusa da mu kuma, a Jamhuriyar Nijar, zaman shayin samari da suke kira fada ya bunƙasa ne a Damagaram da Yamai a shekarun 1990, daidai lokacin da bakin jama'a ya buɗe bayan taron ƙasa na 1991. Dubi sunan da suka zaɓa. Mu mun ari majalisa, su sun ari fada, duka daga gidan sarauta.

Da aka rufe ɗakin taro, hira ta koma inda ta fito. Malam Abubakar ya tafi Landan karatu a 1945, Malam Aminu ya bi sahu a 1946, a can ma zaman ɗaki da 'yan'uwa ɗalibai ne ya haifar da tunanin ƙungiyar malaman makarantun Arewa, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1948. Malam Sa'adu ya zuba abin da ke ransa a waƙa. Maraba da Soja da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya duk mai karanta su da kunnen basira zai ji muryar mai ba da shawara ce, yana yi wa sarakuna da 'yan boko magana irin ta wanda ya san su ya kuma damu da su, ko da yake harshen na da kaifi. A 1948 ya koma Ikko ya riƙe muƙamin sakataren jam'iyyar NCNC, daga baya ya komo Bauchi.

A sauran garuruwa ma haka abin ya kasance. A Sakkwato Malam Shehu Shagari da abokansa suna da ƙungiyar matasa, a Kano akwai Taron Masu Zumunta, a Zariya da Kaduna ma'aikata na haɗuwa. Mu lura da sunayen, taɗi da zumunta. Doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa, 'yan bokon Arewa kuwa kusan dukkansu ma'aikata ne, don haka sai siyasa ta sa rigar hira. Waɗannan ƙananan majalisu ne suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a watan Yunin 1949, Dokta R. A. B. Dikko na shugabanta. Ita ma da farko cewa ta yi ƙungiyar al'adu ce mai yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci, sai a 1951 ta fito fili a matsayin jam'iyyar siyasa.

Yanzu mu komo kan Malam Abubakar, domin a wurinsa ne muke ganin aikin shawarar abokai ya fi bayyana, ko da yake a hankali ya yi. A watan Agustan 1950, mutumin nan da ya kare mulki ta hannun sarakuna a Majalisar Taɗi ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a yi masa gyara, ya yi magana a kan yadda aka bar talaka ba shi da ta cewa a mulkin da ake yi a kansa. Jawabin ya girgiza sarakuna da Turawa baki ɗaya. Ba za mu ce ya koma ra'ayin Malam Aminu ba, domin har a nan gyara ya nema, bai nemi rushewa ba. Amma wanda ya san abin da aka yi ta faɗa masa a Bauchi shekaru shida kafin nan zai ji amon waɗancan muryoyi a cikin nasa. Abin da shawara ta gāda ke nan. Ba a karɓar ta a ranar da aka ba da ita, don kada a ce an kayar da mutum. Sai ta kwana, ta shekara, ran nan mutum ya fito da ita da bakinsa a matsayin tasa, abokan kuma in suna da kirki ba za su ce mu muka faɗa maka ba.

A cikin wannan wata na Agusta, ranar 8, aka kafa NEPU a Kano. Kafin shekarar ta ƙare Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa a Maru, inda aka mayar da shi bayan Bauchi, ya rungumi siyasa gaba ɗaya, a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. Malam Abubakar ya zama jigo a NPC. Hanya ta rabu, kuma rabuwar ba ta wasa ba ce, domin magoya bayan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alkalai na En'e, an raba aure, an raba unguwa, har majalisun ƙofar gida suka rabu, kowa da bencinsa. Wannan ita ce hasarar da ba a cika lissafawa ba in ana ba da tarihin jam'iyyu. Hirar da ta haifi siyasa ita ce siyasa ta fara ci. Mu da muka ga yadda zaɓe kan watsa majalisar da ta shekara ashirin ana zama, har a daina gaisawa a wurin jana'iza, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Malam Sa'adu ya tsaya tare da NEPU a Bauchi gwargwadon abin da jiki ya bari. Ya ga tsohon abokin muhawararsa ya zama Firayim Minista a 1957, amma bai ga 'yancin kai ba, domin ya rasu a watan Janairun 1958. A zaɓen 1959 Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Majalisar Tarayya a Ikko. Da yake NEPU na ƙawance da NCNC, ita kuma NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai Molotob ya sami kansa a ɓangaren gwamnati, har aka ba shi muƙamin mai tsawatarwa, wato mai tattaro ƙuri'un 'yan majalisa domin gwamnatin tsohon hedimastansa, a daidai lokacin da a gida Arewa jam'iyyun nasu biyu ba sa ga maciji da juna.